Yadda ake tsara kasafin kuɗin laburaren jami'a har ya amfani masu bincike

Duk wanda ya taɓa riƙe wani sashe a laburaren jami'a ko foliteknik ko kwalejin ilimi a Najeriya ya san kuɗin da ke shigowa ba ya isa, kuma gaskiya ba na ganin zai isa nan kusa. Amma abin da ke ci min rai shine ɗan abin da ya samu ɗin ma sau da yawa baya kaiwa ga waɗanda aka yi laburaren dominsu, sai kaga an cika kanta da littattafan da ba wanda ya nema saboda ana jiran masu tantancewa daga hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa wato NUC, alhali ga ɗalibin digiri na uku can yana roƙon abokinsa da ke Maleshiya ya sauke masa maƙala ɗaya ya turo masa ta WhatsApp. To wannan rubutun na sababbin shugabannin laburare ne da masu riƙe da sashen sayayya da sashen intanet, da ma malaman da aka saka a kwamitin laburare basu san ta ina za su kama ba.

Mataki na farko: ka san ta ina kuɗin ke zuwa, kuma me kowanne zai iya saya

Kafin ka rubuta ko lamba ɗaya, zauna ka raba kuɗin gida-gida, domin ba duk kuɗi ne ke sayen komai ba. Akwai abin da jami'a ke warewa daga kuɗin gudanarwarta na shekara. Akwai tsohuwar ƙa'idar nan da aka daɗe ana ambato tun shekarun 1990 cewa kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gudanarwa ya kamata ya tafi laburare, ka riƙe ta a bakinka idan za ka shiga taro, amma kada ka gina kasafinka a kanta, ka gina shi kan abin da ofishin ma'aji ya saki da gaske a shekaru uku da suka wuce. Ka je ka nemi wannan lissafin a rubuce. Abin da aka amince da shi daban, abin da aka saki daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce za ta nuna maka gaskiyar inda kake.

Sai kuɗin laburare da ɗalibai ke biya lokacin rajista. Wannan kuɗin da sunan laburare ake karɓarsa amma a makarantun tarayya tun da aka koma asusun bai-ɗaya na TSA a 2015 komai yana bi ta Remita ya faɗa tukunya ɗaya, idan baka bi sawu ba sai ya narke cikin sauran hidimomi. Lissafin mai sauƙi ne, yawan ɗaliban da suka yi rajista sau abin da kowa ya biya, ka rubuta shi ka kai gaban kwamiti cikin ladabi.

Na uku shine TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohuwar ETF, kuma daga harajin da kamfanoni ke biya ake tara kuɗinsa. Makarantun gwamnati kawai yake ba wa, tarayya da jiha, kuma yana da kaso na musamman na bunƙasa laburare. Abin lura anan shine kuɗin TETFund ba zai saya maka dizal ba, ba zai biya ma'aikacin wucin gadi ba, na littattafai da mujallu da rumbunan bayanai na intanet masu tara maƙalu da wasu kayan aiki ne. Saboda haka duk abin da TETFund zai iya ɗauka ka ɗora masa, ka adana ɗan kuɗin cikin gida don abubuwan da ba mai biya maka su.

Na huɗu tallafin waje da kyautar tsofaffin ɗalibai, wannan kada ka saka shi a lissafi sai ya shigo hannu.

Mataki na biyu: ka fita daga ofis ka je wurin masu binciken

Nan ne mutane da yawa ke tsallakewa. Ana aika takarda zuwa sassa a ce kowane shugaban sashe ya turo jerin littattafan da yake so, wasu su turo wasu su yi shiru, ƙarshe ɗan kwangila ya kawo nasa jerin na abin da ya rage masa a sito a sa hannu. Dan Allah kada ka yi haka. Ka ware ma'aikaci ɗaya ga kowace tsangaya, wanda zai riƙa halartar taron tsangayar da zaman gabatar da kundin ɗaliban gaba da digiri, ya saurara yaji me ake bincike a kai yanzu. Ka je makarantar karatun gaba da digiri ka karɓi jerin batutuwan da aka amince da su a bana. Ka je ofishin da ke kula da bincike ka ga su wa suka samu tallafin bincike na TETFund, wato IBR ko NRF, kuma akan me suke aiki.

Wata dabara da nake ganin tafi duk wata takardar tambaya amfani ita ce ka ɗauko kundayen digiri na biyu da na uku da aka gama a shekaru biyu da suka wuce, ka buɗe shafukan manazarta na ƙarshe ka ƙirga waɗanne mujallu aka fi ambato, sannan ka duba nawa ne daga ciki laburarenka ke da hanyar samu. Wallahi wannan aikin yana buɗe ido, domin zaka ga sashen noma kusan duk abin da suke so yana cikin abin da za a samu kyauta ko da araha, sannan sashen shari'a ko injiniya suna buƙatar abu ɗaya tak mai tsada wanda ba a taɓa saya musu ba.

Mataki na uku: ka kwashe na kyauta da na araha tukuna

Kafin ka kashe ko dala ɗaya ka tabbatar makarantarka ta yi rajista da Research4Life, shirin da ke ba makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallu ta intanet, kuma rajistar tana aiki. Shirin ya ƙunshi Hinari na lafiya wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, da AGORA na noma ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta FAO tun 2003, da OARE na muhalli tun 2006, sai ARDI na ƙirƙira da fasaha da GOALI na shari'a. Ƙasashe rukuni biyu ne, na rukunin A kyauta suke samu, Nijar na ciki, na rukunin B kuma cibiya na biyan dala 1,500 a shekara, ka duba shafinsu kaga inda ƙasarka take a bana don suna sabunta jerin. Ko da biyan ne, dala 1,500 ga dubban mujallu ba abin da za a tsaya jayayya a kai bane, shine layi na farko da ya kamata ya shiga kasafinka.

Sai AJOL mai tara mujallun Afirka wanda yake nan tun 1998, da DOAJ mai jera mujallun da ake karantawa kyauta waɗanda aka tantance, da PubMed Central ga 'yan likitanci, da arXiv ga 'yan lissafi da fiziks da kwamfuta. Ka kuma bincika me makarantarka ke da haƙƙin samu ta dandalin TERAS na TETFund, domin abin takaici ne ka biya kuɗi kan abin da an riga an biya maka daga sama.

Haka ma manhajojin gudanar da laburare. Koha kyauta ce, DSpace na ajiye kundaye kyauta ce, OJS na tafiyar da mujallun jami'a kyauta ce, Zotero na tsara manazarta kyauta ce. Amma fa kyauta anan na nufin baka biyan lasisi ne kawai, dole ka saka kuɗin saba, wato babbar kwamfutar da za a ɗora manhajojin a kanta, da na horar da mutum biyu aƙalla, kuma na ce biyu ne da gangan, saboda an sha ganin inda mutum ɗaya ne ya san komai ranar da ya tafi ƙarin karatu ko ya samu aiki wani wuri sai komai ya tsaya cak har faswad ɗin ma ba wanda ya sani.

Mataki na huɗu: lissafin dala, nan ne ake karyewa

Manyan rumbunan bayanai irinsu ScienceDirect da Scopus da EBSCOhost da IEEE Xplore da dala ake musu farashi, kai kuma da naira ake baka. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, da aka saki naira ta yi ta faɗuwa har dala ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ka ɗauki misalin rumbun da kuɗinsa dala 10,000 ne, a da naira miliyan 4.6 zai ci, daga baya ya koma miliyan 15, kayan ɗaya bai ƙaru da komai ba. Duk laburaren da ya rubuta kasafinsa da naira zalla a lokacin ya sha wahala.

Don haka duk abin da za a biya da kuɗin waje ka rubuta shi a layi biyu, dala a gefe naira a gefe, ka rubuta farashin canjin da ka yi amfani dashi da ranar, sannan ka ƙara wani abu a sama na ko-ta-kwana ka bayyana wa ma'aji dalilinsa ƙarara. Kuma ka sani su kansu kamfanonin suna ƙara farashi kusan duk shekara ko da naira bata motsa ba, idan zaka sa hannu a yarjejeniyar shekara biyu ko uku ka nemi a rubuta iyakar ƙarin a ciki.

Sannan kada ka sabunta komai don kawai bara an biya. Kowane babban kamfani yana bada rahoton amfani na tsarin COUNTER, wanda ke nuna sau nawa aka sauke maƙala daga makarantarka wata-wata, haƙƙinka ne ka nema. Ka raba kuɗin da aka biya da yawan saukewa. A misali idan an biya dala 20,000 aka sauke maƙala 400 a shekara, kowace maƙala ta ci dala 50 kenan, wannan ya fi tsadar sayen maƙalar ɗai-ɗai a wurare da yawa. Idan kuwa 20,000 aka sauke, dala ɗaya ce kowace, wannan ka kare shi da dukkan ƙarfinka.

Amma a nan ina roƙon a yi hattara, kada kaga lamba ta yi ƙasa ka yanke nan take. Ka tambayi kanka me yasa. Shekarar 2022 ASUU ta yi yajin aiki na wata takwas, duk wani rahoton amfani na wannan shekarar ba ma'auni bane. Wani lokaci kuma ba a amfani da abu ne don sai cikin ginin laburare kawai yake buɗewa, malami kuma da dare yake aikinsa a gida. Wani lokacin ma mutane basu san akwai shi ba sam. Idan ka gyara hanyar shiga daga waje ka yi shela ka horar da mutane shekara guda amma lamba bata tashi ba, to sannan ka yanke da hujja a hannunka.

Kuma kada ka shiga ciniki kai kaɗai idan akwai yadda zaka haɗu da wasu. Ƙungiyar shugabannin laburaren jami'o'i da haɗakar laburaren jami'o'in Najeriya wato NULIB an yi su ne don irin wannan, kamfani yana sassauta wa makarantu ashirin abin da ba zai sassauta wa ɗaya ba. Ka nemi gwaji na wata ɗaya ko biyu kafin saye, kuma a sa gwajin lokacin da makaranta ke cike ba lokacin hutu ba.

Mataki na biyar: wuta da intanet su shiga kasafin tun farko

Biyan rumbun bayanai na miliyoyi ba tare da tanadin wuta ba kamar sayen doki ne ba harawa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, jami'o'i da yawa suka fara rage awannin bada wuta, laburare kuma yana cikin waɗanda ke fara ji a jika. Jami'ar Bayero ta samu babbar tashar sola ta megawat 7.1 a 2019 ƙarƙashin shirin hukumar samar da wutar lantarki a karkara wato REA, amma ba kowa ke da irin wannan ba, kuma ba lallai sai ka jira irinta ba. Ka ware ɗakin saba da ɗakin kwamfutoci da na'urorin wayales ka basu nasu sola da inbata daban da sauran ginin, ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da haska bene uku. Abin da ake mantawa shine batura suna mutuwa, ka saka kuɗin canza su a cikin tsarin shekaru masu zuwa tun yau.

Intanet kuma ka yi ƙoƙari laburare ya samu nasa kason a rubuce daga sashen fasahar sadarwa na makarantar, kuma a samu layi na biyu ko da ƙarami ne.

Mataki na shida: ka ware wa hidimar bincike layinta da sunanta

Yawancin kasafin da nake gani littattafai ne, mujallu, kujeru, kwamfutoci, shikenan. Hidimar da ake yi wa mai bincike bata da layi, shi yasa bata da kuɗi. Ka ƙirƙira mata.

Abu na farko a ciki shine ma'ajiyar kundaye ta intanet. Duk shekara ana kawo ɗaruruwan kundayen digiri a jibge a sito ƙura da gara su ci, alhali idan aka ɗora su a DSpace duk duniya za ta gani kuma ɗalibin baya ba zai maimaita abin da aka riga aka yi ba. Hanya mafi araha ita ce majalisar jami'a ta zartar cewa ba a sallamar ɗalibin gaba da digiri sai ya miƙa kwafin kwamfuta, kaga sababbi sun shigo ba tare da kashe ko sisi kan sikana ba, tsofaffin kuma a bi su a hankali a fara da waɗanda aka fi nema.

Na biyu horarwa, kuma ba irin babban taron nan na rana ɗaya da jawabai da rabon jaka ba. Ƙananan zama na awa biyu, mutum goma sha biyar zuwa ashirin kowa da kwamfutarsa a gabansa, yau yadda ake nema a Research4Life, wani makon Zotero, wani makon kowa ya buɗe lambar shaidar mai bincike ta ORCID ya gyara shafinsa na Google Scholar. Kuɗinsa bai wuce na ruwa da wuta ba amma shine ke ɗaga lambobin amfani da muka yi magana a baya.

Na uku, kuma wannan yana taɓa ni sosai, kare malamai daga mujallun bogi. Ƙaramin malami yana neman ƙarin girma, saƙo ya shigo masa cewa za a buga maƙalarsa cikin mako guda ya turo dala ɗari ko biyu, ya cire daga albashinsa ya tura, ranar tantancewa a ce ba a san wannan mujallar ba, kuɗi sun tafi aikin shekara ya tafi. Laburare zai iya hana wannan da tebur ɗaya da ma'aikaci ɗaya da ya iya duba mujalla a DOAJ da jerin Scopus da ƙa'idojin Think Check Submit kafin mutum ya tura. Haka kuma ma'aikacin zai nuna masa cewa manyan mawallafa da dama suna yafe ko rage kuɗin bugawa ga marubuta daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi idan an nema, mutane da yawa basu san ana nema ba.

Sai manhajar gano satar rubutu, ko Turnitin ko EagleScan na gida. Shawarata a bar ɗalibi ya duba aikinsa tun yana rubutawa ya gyara, kada a ajiye ta sai ranar ƙarshe a mayar da ita tarko. Idan za a karɓi kuɗi a kai to ya zama kaɗan kuma ya dawo kan hidimar.

Idan laburarenka na da tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami ko tsofaffin jaridu, irin abin da ake gani a Arewa House ta Kaduna ko cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato ko cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, wannan dukiya ce da babu mai ita sai kai, kuma ita ce tafi saurin jawo tallafin waje. Shirin Endangered Archives na laburaren Birtaniya yana bada tallafin ɗaukar hoton irin waɗannan takardu, ka sa mutum ya koyi rubuta takardar neman tallafi.

Mataki na bakwai: takardu

Wannan ba daɗi amma idan ka yi sake dashi kuɗinka zai kwana a Abuja. TETFund na son ganin rubutacciyar manufar sayen littattafai da shaidar zaman kwamitin laburare da jerin abin da za a saya da farashinsa kafin su amince, kuma kashi-kashi suke sakin kuɗi, basa sakin na ƙarshe sai ka yi bayanin na farko da rasit. Ka karanta littafin ƙa'idojinsu na yanzu da kanka kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka. Sayayya kuma ta bi dokar sayen kayan gwamnati ta 2007. Ranar da kaya suka iso a buɗe kwali-kwali a gaban mai binciken kuɗi na cikin gida, a duba suna da bugu da shekara da lambar ISBN, domin akwai masu kawo tsohon bugu ko kwafin jabu a farashin sabo, duk wanda bai dace ba a mayar kafin a sa hannu.

Ka kuma yi kalanda ta ranakun ƙarewar kowane rumbu ka fara neman kuɗin sabuntawa wata huɗu ko biyar kafin lokaci, tunda kasan fayil yana daɗewa tsakanin ofis da ofis, kuma biyan kuɗin waje yana da nasa jiran.

Mataki na takwas: ka kai rahoto da harshen da shugabanni ke ji

Shugaban jami'a da ma'aji ba yawan littattafan da ke kanta ne ke motsa su ba, abin da suke ji shine sakamakon tantancewar NUC da matsayin jami'a a jerin jami'o'i da tallafin da malamai suka jawo. To duk wata uku ka kai musu shafi ɗaya, kada ya wuce haka: nawa aka amince, nawa aka saki, nawa aka kashe, maƙala nawa aka sauke kuma kowace ta ci nawa, kundi nawa aka ɗora, mutum nawa aka horar daga wace tsangaya, mujallar bogi nawa aka tare. A ƙasa ka rubuta abu ɗaya da zai tsaya idan ba a saki kuɗi ba da ranar da zai tsaya. Ka tura kwafi ga shugaban makarantar gaba da digiri da shugabannin tsangayu, domin idan ranar kare kasafi ta zo gara a ce farfesan kimiyyar magunguna ne ya miƙe ya ce aikin ɗalibansa zai tsaya idan aka yanke, da a ce kai kaɗai ne ke magana. Waɗannan shafuka huɗu na shekara kuma su zaka ɗauko ka fara kasafin baɗi dasu.